Tantin da Na Wanke Kafin Tafiyar Fallomi

Abokan zamana na ƙofar masallacin unguwarmu ta Mafoni a Yerwa sun dame ni. Duk ranar da hira ta mutu sai wani ya ce, "Malam Garba, ba mu labarin Fallomi." Na ba da shi har bakina ya gaji, kowa kuma ya ɗauka ya ƙara masa nasa gishirin, har na ji wani yana cewa wai kura ce ta cinye mini tanti. Babu kura a ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, da ɗan karatun elementaren da nake da shi, wanda ya sake tambaya in miƙa masa in huta.

A lokacin Turawa sun fara ɗaure kayansu, ana ta maganar mulkin kai. Ni gyaran keke nake yi a bakin Kasuwar Litinin, sana'ar da mahaifina ya zo da ita daga Kano. Na ji ana cewa a Fallomi, babban birnin Cadi, akwai tayoyin Faransa masu ƙarko da araha, sai na ƙudura in je in gani da idona. Mota ba ta da tabbas, don damina ta ƙarato, kuma da an yi ruwan fari ake rufe hanyar gabas. Na ce kekena na nan, ƙafafuna na nan.

Da labari ya kai wa maƙwabciyarmu Ya Falmata, sai ta aiko a kira ni. Tsohuwa ce Babarbariya, mijinta ya rasu, ƙafa ta hana ta fita. Ɗanta guda ne, Modu, yana ɗinki a Fallomi, kuma an sa ranar aurensa can. Na tarar ta shimfiɗa wata riga a kan gado. Kore ce, irin baƙar rigar nan da ake rinawa da baba a buga ta har ta riƙa ƙyalli kamar madubi. A cikinta aka ɗaura auren uban Modu. Ta sa an sake rina ta, an sake bugawa, har ina iya ganin inuwar hannuna a jikinta.

Ta ce, "Afuno," haka take kirana, wato Bahaushe, "ni ba zan ga wannan aure ba. Ina so ya tsaya gaban surukansa a cikin rigar ubansa, su san ba daga sama ya faɗo ba. Maƙiyinta ɗaya ne, ruwa. Ɗigo ya taɓa ta, ƙyallin ya tafi."

Na ce, "Ya Falmata, in ruwa ya taɓa ta, to ni ya fara cinyewa."

Ta ce, "Ka ce in Allah ya so, ɗana."

Na faɗa, amma a kan leɓe.

Saboda rigar nan na shiga neman tanti. Wanda ya san hanyar ya san akwai inda za ka yi ta tafiya babu bukka babu itace, in hadari ya taso ba ka da wurin raɓewa. Na nufi rumfar Oga Emeka, wani Ibo mai sayen kayan gwanjo a hannun Turawan da ke barin unguwarsu ta Jiyare. Ya fara jawo mini tantin soja. Mu biyu muka ɗora shi a bayan keke, gaban keken ya ɗaga sama kamar doki ya ga wuta. Ya kawo tamfol ɗin lori, shi kuma ba sanda ba igiya, ga nauyi kamar gawar jaki. Har na juya zan tafi, sai ya zaro wani ɗan ƙulli daga ƙarƙashin tebur, bai fi matashin kai ba.

Ya ce, "Wannan na wani Bature ne mai awon hanya. Mutum ɗaya yake ci. Akwai faci a gefe, shi ya sa zan bar maka da sauƙi."

Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ji daɗi. Yadin kore ne shar, amma a sandare yake, yana da danƙo a hannu, ga wani wari mai hawa kai.

Emeka ya riƙe hannuna ya ce, "Maigida, abu ɗaya. Kar ka wanke. Ka ji? Ko ya yi datti, kar ka wanke."

Na ce na ji.

Da yamma na kafa shi a ƙofar gida don in koyi ɗaurinsa, mutane suka taru. Cikinsu har da Tanko mahauci, wanda ba a raba shi da magana. Ya shafa yadin, ya kai yatsa hanci, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Garba, tun ina yaro nake cikin kitse. Wannan ba na sa ba ne, ba na rago ba ne, ba na raƙumi ba ne. To saura na wa?"

Wani ya ce, "A'uzubillahi."

Tanko ya ce, "Ni dai ban faɗa ba. Amma kayan Bature ne. A ciki za ka yi salla?"

Aka yi dariya aka watse, ni kuwa maganar ta zauna mini a ƙirji. Yaya zan kwana cikin kitsen alade, in tashi in yi salla da tufafin da suka goge shi? Kuma in sa rigar mamaci a ciki? Washegari na ce wa mai ɗakina Rabi ta dafa ruwa a babbar tukunya, ta kawo kanwa da sabulun salo.

Ta ce, "Malam, ba kai ka ce mai kayan ya ce kar a wanke ba?"

Na ce, "Shi me ya sani game da tsarki?"

Ta ce, "Ai da ka koma ka tambaye shi dalili."

Na ce ba da ita za a yi tafiyar ba. Muka dirje shi, muka sake dirjewa, ruwan yana fita da wani maiƙo, ina cewa kin gani ko. Da ya bushe ya yi laushi kamar zanen jarirai, koren ya koɗe, warin ya tafi, ya ma ƙara rashin nauyi. Na yi ta yabon kaina. Sai daga baya na san kakin zuma ne da wani mai ake shafa wa yadin don kada ruwa ya ratsa. Kakin zuma, abin da ko a baki ka sa ba komai.

Ya Falmata ta naɗe rigar da takarda mai kauri, ta ƙulle cikin zane. Na ɗaure ta a bayan keke tare da tantin da buta da ɗan guzuri, na kama hanyar Dikwa bayan sallar asuba.

Zangon farko na yi shi kusa da wani ƙauye bayan Mafa. Don ɗokin sabon abu, maimakon in shiga gari in yi sallama, sai na kafa tantina a bayan gari. Ban gama ɗaure igiya ba na ga ƙura ta tashi, ana kora shanu cikin daji da gudu, mata na kiran yara. Can sai ga Bulama, wato mai garin, da dattawa a bayansa, suna tafe a hankali suna tafa hannu da gaisuwar Barebari, "Wushe, wushe." Ashe sun ɗauka malamin jangali ne ya sauka, don a wurinsu ba mai kwana a tanti sai ma'aikacin gwamnati. Da suka gane mai gyaran keke ne, Bulama ya ɓata rai fiye da da.

Ya ce da Hausarsa mai nauyi, "Kai Afuno, mu mun mutu ne? Baƙo ya kwana a daji, gari yana nan?"

Suka tattara ni da kayana zuwa zaurensa. Aka kawo burabusko da miyar busasshiyar kuɓewa, man shanu na yawo a kai. A Kano in ka ce ka ƙoshi an ƙyale ka. A can in ka ce ka ƙoshi sai a ƙaro, in ka cinye a ce yunwa ce, in ka rage a ce ka raina. Kafin in tafi na gyara kekunan garin duka, har da wanda ba shi da sarƙa. Mutumin da ya kora shanunsa mafi nisa bai dawo ba sai da rana ta ɗaga, ya tsaya yana harara ta har na fita.

A Dikwa na sauka gidan wani fatoma Bakatsine mai saukar da fatake. Ɗakin cike yake da buhunan banda, kuɗin cizo kuma sun fi kifin yawa. Ya dubi gabas ya ce, "In ni ne kai, zan jira lorin ƙarshe." Na ce ina da tanti. Ya ce, "To, Allah ya sa tantin yana da ƙafa."

Daga nan aka shiga firki. Baƙar ƙasa ce shimfiɗe har iyakar gani, da rani ta bushe ta tsattsage, wani tsagin sai ya haɗiye tayar keke. Tafiyar ba ta gudu ba ce, ta jijjiga ce, haƙoranka na kaɗawa, bayanka na ciwo. Faci na yi shi har na daina ƙirgawa. Cinyoyina suka saluɓe. Ruwan sha kuwa sai na rijiyoyin makiyaya, mai ɗanɗanon kanwa. Tantin ya yi mini amfani a nan, ba zan ci amanarsa ba, don da tsakar rana nakan rataya shi a jikin keke in sami inuwa. Duk zango sai na taɓa ƙullin Ya Falmata na ji yana nan a bushe.

A Gambaru na ɗauki keke a ka na haye kogi, ruwan iya gwiwa. Ƙetaren ƙasar Faransa ce. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo mai jar dara ya tsare ni, ba ya jin Hausa, ni ba na jin abin da yake faɗa, sai wani mai sayar da goro ya yi mana tafinta. Ya kwance komai. Da ya kai ga ƙullin, na roƙe shi ya bari in buɗe da kaina, ya ture hannuna ya yage takardar. Da ƙyallin ya doke shi a ido sai ya goge hannunsa a wando, ya ce in naɗe. Na naɗe, amma takardar ta riga ta zama biyu.

Ban yi nisa ba na kusa yin karo da wata motar soja. Ni ina hagu yadda muka saba a lokacin, su kuwa dama suke bi. Direban ya leƙo ya zazzaga mini abin da na tabbata ba addu'a ba ce. Daga ranar, duk abin da ya taho sai in sauka in tsaya a daji har ya wuce.

Tsakanin iyaka da Kusiri abin ya same ni. Wajen la'asar iska ta tsaya cik, gabas ta yi baƙi ƙirin. Na duba ko'ina, babu bukka, babu ko kargo. Na sauka da sauri na warware tanti. Turakun ƙarfen suka ƙi shiga, ƙasar kamar dutse, in kuma na sa a tsagi su zurme. Na kwantar da keke na ɗaure igiyoyin gefe ɗaya a jikinsa, ɗaya gefen na danne da buta da jakar kayan aiki, na rarrafa ciki da ƙullin, na riƙe sandar da hannu. Har a lokacin raina a kwance yake. Ina cewa yau tanti zai biya kuɗinsa.

Da ruwan ya sauko, na fara jin wani laushin feshi a fuska. Na ce ƙila ta wurin facin ne. Sai ɗigo a wuya, sai a baya, kafin in gyara zama ko'ina zuba yake kamar an riƙe rariya a kaina. Na tuɓe rigata na ƙara naɗe ƙullin, na kifa a kansa, na rufe shi da ƙirji da hannuwa. Ruwa na dukan bayana ina karanta duk abin da na haddace. Sama na iya tarewa da jikina, amma firki ba ya shan ruwa da wuri. Tsagogin suka cika, ruwa ya malalo ta ƙasa, na ɗaga ƙullin na manna a ciki, na durƙusa a cikin laka. Iska ta fizge gefen da na danne da buta, jiƙaƙƙen yadin ya manne mini a jiki. Haka na zauna har aka ɗauke.

Da na miƙe na dubi ƙirjina, sai na ga ya yi shuɗi. Ban buɗe ƙullin ba. Na san abin da ke ciki.

Keke kuma ya ƙi tafiya. Lakar firki danƙo gare ta, taku kaɗan ta cushe tsakanin taya da madgadi, sai ka tsaya ka ƙwaƙule da tsinke. Daga baya na saɓa shi a kafaɗa, takalmana suka zauna a laka na bar su. Hayaƙi na hango na bi, ya kai ni rugar Larabawan Shuwa. Matan suka fito suna kallona, mutum ba riga, shuɗi har wuya, keke a kafaɗa. Wata ta yi magana duka suka fashe da dariya. Wani dattijo mai ɗan jin Hausa ya ce, "Ta ce a garinku har mutane ake rinawa?"

Suka sa ni a bukkarsu ta tabarmi, wadda hayaƙi ya mai da baƙa, ni da 'yan maruƙa. Ƙasanta a bushe ƙamas. A nan na kwance ƙullin. Gaban rigar da sauƙi. Amma ta inda takardar ta yage ruwa ya shiga, tun daga kafaɗar hagu har tsakiyar baya ƙyallin ya mutu, ya bar wani dusasshen tabo kamar sawun ruwa a jikin bango. Dattijon ya duba, ya girgiza kai. Ya murza yadin tantin da yatsa ya ce, "Wannan na tace nono ne?" Suka ba ni kindirmo da shayi mai zaƙi kamar zuma, ƙaramin kofi bayan ƙaramin kofi. A wurinsu ba a tashi sai mai shayi ya kife buta. Na sha, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Sai da ƙasa ta sha iska na ci gaba. Daga Kusiri aka haye da ni babban kogi a kwalekwale, ni da keke da awaki. Fallomi gari ne mai faɗin titi. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Da rana ta take sai a rufe kantuna duka a tafi barci, ko da kuɗi a hannunka ba mai sauraronka. Na ga mata a kan keke, ba wanda ya waiwaya. A wani lokacin da na yi ta kallo, amma ni ƙafata kawai nake ja.

Kafin in nemi Modu na nemi mabuga. Na sami wasu Kanawa a bayan kasuwa, suka yayyafa mata abin da za su yayyafa, suka buga iyakar ƙarfinsu. Ta ɗan farfaɗo, amma babbansu ya ce, "Ɗan'uwa, sai dai a sake jefa ta a karofi a rina, kuma kafin ta fito an gama biki."

Na sami Modu a kan keken ɗinkinsa. Na gaya masa komai tun daga Tanko. Ya warware rigar, ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya kifa fuskarsa a cikinta. Da ya ɗago ya ce, "Har yanzu da ƙanshin turaren Baba." Ya ce, "Yaya Garba, ka sha wahala. Zauna ka ci abinci." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ranar ɗaurin aure ya sa ta. Ya yafa farin mayafi a kafaɗar hagu, amma mayafi ba ya zama wuri ɗaya. Ina zaune a baya na ji wani daga dangin amarya yana cewa, "Angon Yerwa, da rigar aka yi iyo ne?" Aka yi 'yar dariya. Modu bai juya ba, sai na ga ya ƙara miƙe wuya. Da zan taho ya ce, "Ka ce wa Ya rigar ta iso lafiya. Kar ka ƙara komai."

Dawowa ba ta da labari, wahala ce kawai. Hanya ta rufe, na bi ayarin masu takarkari, rabi a ƙafa, rabi ina tura keke. Tayoyin da na je dominsu na sayo su, sai da na iso na tarar ba sa hawa kan gargaren kekunanmu na Ingila, awonsu daban. Suna rataye a rumfata har suka ruɓe. Da na bi ta gaban Oga Emeka, ya dubi tantin a bayan keke, fari fat da shuɗi a tsakiya. Ya ce, "Maigida, ka wanke." Ba tambaya ba ce. Na wuce.

Na shiga wurin Ya Falmata da niyyar faɗin abin da Modu ya ce in faɗa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, sai ta tsaya tana duban farcena, inda shuɗin ya maƙale bai gama fita ba.

Ta ce, "Ina ne ya taɓa?"

Na ce, "Kafaɗar hagu, har baya."

"Ya sa ta?"

"Ya sa."

"Sun gani?"

"Sun gani, Ya Falmata."

Ta saki hannuna. Ta tambayi yadda aka yi, na faɗa mata, har da ruwan zafi da kanwa, har da maganar Rabi da na ƙi ji. Ta daɗe tana kallon gadon da ta shimfiɗa rigar a kai ran nan. Sannan ta ce, "Kawo mini tantin."

Na kawo. Ta sa almakashi ta yanke inda babu shuɗi, ta ce, "Tunda tata ya iya, a ba shi aikin da ya iya." Da shi ta riƙa tace gasara. Kullum da safe sai ga kwanon koko daga gidanta, mai laushi, babu ko tsaki a ciki, ni kuma in shanye don ba a mai da kyautar babba. Ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba, gaisuwarmu ba ta canza ba, Afuno take kirana har ƙarshe. Amma da, ko gishiri take so daga kasuwa ni take kira ta katanga. Tun daga ranar har Allah ya karɓi abarsa, tana jin fitata da keke kowace safiya, ba ta sake aikena ko sayen goro ba.